Peroni, Moretti, Menabrea ko Ichnusa: wacce za a saya idan akwai tsire a tebur?

Da aka zauna rabon ayyukan bikin ƙanwar matata, sai aka jibga mini na abin sha. Ban yi gardama ba, don a zatona shi ne mafi sauƙi: a je kanti, a loda katan-katan a bayan mota, shi ke nan. Kwana biyu sai ga wayar ango. Yaron a Brescia ya tashi, can arewacin Italiya, iyayensa suna can har yau, kuma ayari guda na mutanensu za su zo mana nan Manchesta.

"Yaya, don Allah giyar da za a sa a tebur ta kasance ta Italiya," in ji shi. "Babana ba ya shan wata."

Na ce masa ya kwantar da hankalinsa. Ina ajiye waya na tuna cewa ni ɗin da aka ba aikin, da Star da Gulder da Rock ta Jos na girma, kuma abin da na sani game da giyar Italiya bai wuce ganin kwalabenta a kan kanta ba. Kuɗin kuwa na mutane ne, karo-karo aka yi. Saboda haka na sayo iri huɗu da ake samu a manyan kantunan Ingila, na tara mutum uku a ɗakin girkinmu wata ranar Asabar: ni, da ƙanin matata, da Kawu, wanda ya haura saba'in kuma ya sha burukutu a ƙwarya tun kafin a haife mu.

Na san da yawa daga masu karanta wannan ba sa shan giya, addini ya hana. Danginmu ma, kamar dangogi da yawa a Jos, wasu coci suke zuwa wasu masallaci, kuma duk za su zo bikin. Zancen teburin waɗanda ba sa sha zai zo daga baya.

Matata ce ta riƙe mabuɗi. Ta samo tambulan iri ɗaya, ta liƙa wa kowanne lamba, tana zuba mana daga bayan ƙofa don kada mu ga kwalba. Na nace a kan haka ne saboda ido yana rigan harshe yanke hukunci. Wanda ya ga kwalba mai tsada, daɗi zai ji ko da ruwan famfo aka ɗura a ciki. Mun kuma fito da kwalaben daga firji kamar minti goma kafin a buɗe. A gida mun saba da "mai ƙanƙara", wadda kwalbarta ke yin fari fat, amma sanyin da ya kai haka yana kashe harshe, kowace giya sai ta koma iri ɗaya. Zagaye biyu muka yi. Na farko baki wofi, sai ruwa tsakanin tambulan da tambulan. Na biyu da tsire mai yaji, irin wanda za a ci ranar biki.

Dukkansu huɗun laga ne, wato giyar da ake barin ta tashi a cikin sanyi sannan a jinginar da ita makonni ta kwanta ta yi garau. Kalmar ma daga Jamusanci ta fito, ma'anarta ajiya. Gidan su ɗaya ke nan da Star da Gulder, don haka kada wani ya sa ran jin wani abu daga wata duniya. Bambancin da ke tsakaninsu ƙanana ne, amma idan za ka sayi katan da yawa, ƙaramin bambanci ma kuɗi ne.

Tambulan na ɗaya ya zo fari-fari, launin kara busasshe, kumfarsa fara tas amma ba ta daɗe ba ta kwanta. Kurɓar farko sai ka ji iskar cikinta tana tsattsage harshe, sai ɗan ƙamshi kamar ɓawon lemun tsami, sai ɗaci siriri a ƙarshe, sannan ta ɓace. Ba ta barin komai a baki. Ƙanin matata ya ce wannan ita ce ta zafin watan Afrilu. Kawu ya juya tambulan ɗin ya ce, "Wannan ba ta ci abinci ba." Peroni Nastro Azzurro ce.

Rashin nauyin nan da gangan ne. Francesco Peroni ya kafa kamfanin a garin Vigevano a 1846, aka buɗe masana'anta a Roma a 1864, tun birnin yana hannun Fafaroma, bai ma zama hedkwatar Italiya ba. Amma ita Nastro Azzurro ƙaramar yarinya ce a gidan, a 1963 aka fito da ita. Sunan yana nufin shuɗin ƙyalle, lambar girman da jirgin ruwan Italiya mai suna Rex ya ci a 1933 saboda saurin ƙetare tekun Atlantika. Abin da ke sa ta zama sakayau shi ne masara. Bayan tsiron sha'ir, ana zuba mata wata masara da ake kira Nostrano dell'Isola, wadda asalinta wani tsagin ƙasa ne tsakanin kogin Adda da kogin Brembo a lardin Bergamo, maƙwabcin Brescia ta su ango. Masara tana ba da sukarin da yis zai ci ya zama barasa, amma ba ta ba da kauri da ɗanɗanon gasasshen hatsi irin na sha'ir. Turawan da ke taƙama da giyar sha'ir zalla suna raina wannan, su ce ha'inci ne. Mu kam ba mu da bakin rainawa. Tun da gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, kamfanonin Najeriya suka koma kan dawa da masara, kuma da wannan harshenmu ya saba. Ƙarfin Peroni wajen kashi 5 ne cikin 100. Baki wofi na ba ta maki 7 cikin 10.

Na biyu ya fi na farko duhu kaɗan, launin zinariya sosai. Iskarsa ba ta da kaifi, yana sauka a hankali, da ɗan zaƙi kamar na cikin burodi, ɗacinsa kuma a ɓoye. A gaskiya a zagayen farko bai burge ni ba. Bayan kaifin Peroni sai na ji shi kamar shayin da ya huce, na rubuta masa 6. Ƙanin matata ya ce kamar ya taɓa sanin wannan a wani wuri. Bai yi ƙarya ba, don da aka fito da kwalbar, Birra Moretti ce, kuma tun 1996 Heineken ce ke da ita, Heineken ɗin da ke riƙe da kaso mafi tsoka a Nigerian Breweries. Ita da Star 'yan uba ne ke nan.

Kwalbarta ce mai hoton dattijon nan mai gashin baki da koriyar hula, riƙe da kofi mai kumfa. Luigi Moretti ya kafa kamfanin a Udine a 1859, lokacin garin yana ƙarƙashin Ostiriya. Sai a 1866 garin ya shiga Italiya. Labarin da kamfanin ke bayarwa shi ne, a 1942 wani daga zuriyar Moretti ya ga dattijon zaune a wani gidan abinci, ya roƙi ɗaukar hotonsa, ya tambaye shi ladansa, dattijon ya ce a ƙara masa kofi ɗaya ya isa. Akwai masu ja da labarin, amma Kawu ya ce ko ƙarya ne ya yarda, don ya san irin waɗannan tsofaffi a Tudun Wada. Ƙarfinta kashi 4.6, ita ce mafi sauƙi a cikin huɗun.

A nan ne matata ta jefo mana abin da ya kusa wargaza zaman. Tana jujjuya kwalbar a hannu sai ta ce, "Baban yara, ka karanta bayan nan kuwa?" Na karɓa na matso da ita kusa da fitila. Da ƙananan haruffa, ƙasa da jerin kayan haɗi, an rubuta cewa a Birtaniya aka dafa ta. Moretti da ake sayarwa a ƙasar nan, Heineken tana yin ta a masana'antarta ta Moss Side, cikin Manchesta. Bas ɗin da nake shiga zuwa aiki yana wucewa ta kusa da katangar, wani lokaci har ƙamshin dafaffen tsiro yana shigowa ta taga. Giyar Italiyar da na ɗauko da alfahari, ashe maƙwabciyata ce. Wannan ba ɓoyayyen abu ba ne, a rubuce yake, kuma haka kasuwar take tafiya: Madrí da ta cika mashayun Ingila da sunan Sifen, a Tadcaster ta Yorkshire ake yin ta. Ita kuwa Peroni da ke kantunan nan daga Italiya ake kawo ta, inda kamfanin ke da masana'antu a Roma da Bari da Padova, sai dai mai ita tun 2016 Asahi ne na Japan. Wato ɗaya an haife ta a Italiya ubangidanta ɗan Japan, ɗaya kuma sunanta ne ɗan Italiya, ubangida ɗan Holan, haihuwar Moss Side.

Tambulan na uku shi ne ya sa ɗakin ya yi tsit. Tun kafin ka kai baki kake jin ƙamshi kamar na fure da ɗan zuma. A baki yana da jiki fiye da Peroni, yana da tsabta fiye da Moretti, ɗacin kuma yana zuwa a makare ya zauna kaɗan, ba ya gudu. Menabrea ce, daga Biella a gindin tsaunukan Alps, yankin Piemonte. Shekarar kafuwarta ɗaya da Peroni, 1846, kuma har yau a garin nan ake yin ta. Tun 1991 tana ƙarƙashin Forst, wanda shi ma kamfanin Italiya ne, don haka a cikin huɗun ita kaɗai ce ta Italiya gaba da baya. Ƙarfinta kashi 4.8. Mu uku duk ita muka sa a gaba ko ta biyu. Ni na ba ta 8. Matsalarta biyu: ta fi sauran tsada, kuma ba kowane kanti ke ajiye ta ba, sai ka yi oda.

Na huɗu kuwa tun daga ido aka gane daban yake, don ba ya ganuwa garau, da ɗan hazo a ciki. Kawu ya ɗaga shi sama ya duba, ya kurɓa, ya lumshe ido. "Yauwa," ya ce. "Wannan ba a wanke mata rai ba." Ichnusa ce, samfurin da ba a tacewa, Non Filtrata, daga tsibirin Sardiniya. An kafa kamfanin a Cagliari a 1912, yanzu a Assemini ake yin ta kusa da birnin, kuma ita ma Heineken ce ke da ita. Tsiron sha'ir zalla ake yin wannan samfurin da shi, kashi 5 ne ƙarfinsa, kuma ragowar yis ɗin da aka bari a ciki ne ke ba shi hazon da kaurin. Ga wanda ya san burukutu, wannan kaurin gida ne, ko da yake babu tsamin burukutu a cikinta ko kaɗan. Kwalbarta gajera ce, mai ƙiba, kuma a jikinta akwai tambarin tutar Sardiniya: kawunan baƙaƙen mutane huɗu, kowanne da farin ƙyalle ɗaure. Kawu ya daɗe yana kallon su, sannan ya ce ai 'yan'uwanmu sun riga mu zuwa. Shi 9 ya ba ta. Ni 7 da rabi, don tambulan ɗaya ya ishe ni, tana cika ciki.

Da a nan muka tsaya, da Menabrea na saya, na sa dangi kuka da kuɗi. Sai aka kawo tsire.

Yaji ya juya lissafin gaba ɗaya. Barkono yana ƙona baki, kuma iska mai kaifi da ɗaci da barasa duk ƙara masa wuta suke yi, abin da ke lallashinsa shi ne zaƙi da kauri. Peroni, wadda ta yi kyau baki wofi, da ta haɗu da yajin ƙuli sai ta zama kamar ka watsa wa wuta fetur kaɗan: iskar ta ɗauki zafin ta yaɗa shi ko'ina a harshe, ɗanɗanonta kuma ya ɓace, saura ɗaci kawai. Na sauke ta zuwa 5 da rabi. Ba laifinta ba ne. Don taliya da kifi da tumatir da man zaitun aka yi ta, ba don tsiren Bahaushe ba. Menabrea ta tsaya da ƙafarta, amma ƙamshin furen nan da ake biyan kuɗi dominsa, albasa da yaji sun danne shi. Asara ce ka sa wa mutum turare mai tsada sannan ka tura shi wajen mai gashi ya tsaya cikin hayaƙi. Ta dawo 7.

Moretti da na raina ita ce ta tashi. Zaƙin burodin nan da na kira shayi mai sanyi, shi ya kwantar da yajin, ya bar ɗanɗanon nama da gyaɗa suka fito. Ka ci, ka kurɓa, ka sake miƙa hannu. Na ba ta 8, ƙanin matata ma haka. Ichnusa ita ma ta yi daidai da ita wajen tare yaji, 8, sai dai nauyinta. A bikin da za a ci dafa-duka da farfesun kayan ciki da soyayyar ayaba sannan a tashi rawa, giya mai cika ciki ba abokiyar tafiya ba ce. Akwai kuma lissafin ƙarfi. A ma'aunin da hukumar lafiya ta Birtaniya ke amfani da shi, kwalba mai mililita 330 ta kashi 4.6 tana ɗauke da awo 1.5 na barasa, ta kashi 5 kuma 1.65, shawararsu kuwa kada a wuce awo 14 a mako. A kwalba ɗaya bambancin ba komai ba ne. A bikin da zai fara da rana ya kai tsakar dare, ni da zan tsaya a ƙofa ina nema wa mutane tasi, na fi son mai sauƙin.

Wani abu kuma da ya fi suna da tarihi muhimmanci shi ne halin da kwalbar ta shiga kafin ta zo hannunka. Wannan da kuɗina na koya. Makonni kafin zaman namu na sayi Peroni guda ɗaya a wani ƙaramin shago a unguwarmu, inda mai shagon ya jera kwalabe a jikin taga don masu wucewa su gani. Ina buɗewa wani wari ya bugi hancina, wanda duk wanda ya taɓa yin noma a ƙauye ya san shi: warin bodari. Na zubar da ita ina zagin Italiyawa a raina, alhali laifin mai shago ne. Abin da ke ba giya ɗaci furen wani tsiro ne mai yaɗo da ake kira hops. Idan haske ya ratsa kwalba ya taɓa sinadarin ɗacin nan, sai ya farfashe ya haɗu da sinadarin farar wuta da ke cikin giyar, ya haifar da wari dangin na dabbar. Ba ya buƙatar kwanaki. A rana tsaka mintuna sun isa. Kwalba mai ruwan ƙasa tana tare yawancin hasken, koriya kuwa kaɗan take tarewa. Peroni a koriyar kwalba take zuwa, Moretti da Ichnusa a mai ruwan ƙasa. Don haka mai son Peroni ya sayi rufaffen katan ko gwangwani, kada ya ɗauki wadda ta kwana a fili ƙarƙashin fitila. Zafi da tsufa kuma nasu aibin daban ne, suna sa giya ta riƙa ɗanɗanon jiƙaƙƙen kwali. A nan haihuwar Moss Side ta zama riba ga Moretti, don ba ta yi doguwar tafiya ba. Wanda ke zaune a ƙasa mai zafi kuwa, inda kwantena ke shafe makonni a tashar jirgin ruwa cikin rana, ya fara duba kwanan watan da ke jikin kwalba kafin ya duba suna. Sabuwar giyar gida ta fi tsohuwar baƙuwa.

Sai teburin waɗanda ba sa sha. Peroni da Moretti duk suna da samfurin da aka cire wa barasa, Nastro Azzurro 0.0% da Moretti Zero, kuma na ɗanɗana su washegari. Ta Peroni ta riƙe kaifinta da ɗan ƙamshin lemun, sai dai ta ƙara zama ruwa-ruwa. Ta Moretti ta fi zaƙi, har tana kusa da ɗanɗanon tsiron da bai gama tashi ba. Ga direbobi da masu shan magani da suka saba da giya, ta Peroni na zaɓa. Amma ga 'yan'uwanmu Musulmi ban ma kai ta teburinsu ba. Na tambayi yayar matata, Hajiya, ta waya, ta ce, "Ƙanena, abin da aka dafa a matsayin giya, a kwalbar giya, da sunan giya, ko an ce an cire me, ni dai ka bar ni da zoɓona." Kuma ko a ƙa'idar ƙasar nan, abin da ake kira marar barasa yana iya ɗaukar ɗan ɓurɓushi har kashi 0.05. Su aka tanadar wa Supermalt da Maltina da zoɓo da kunun aya, a tebur dabam, da mabuɗinsu da bokitin ƙanƙararsu dabam.

Saura maganar ango. Na kira shi na faɗa masa gaskiya: wadda ta fi dacewa da abincinmu a bayan gidana ake yin ta, wadda kuma ta fito daga Italiya tsantsa ta fi ƙarfin aljihun dangi idan kowa zai sha. Ya yi dariya ya ce babansa a gida ma Moretti yake sha, amma mutum ne mai juya kwalba ya karanta baya, kuma idan ya ga Birtaniya sai an ji a bakinsa har a gama biki. Sai muka raba. Moretti ce za ta cika teburan jama'a inda tsire da farfesu za su zagaya. Menabrea katan biyu na teburin iyaye da baƙin Brescia, a kawo ta da wuri, tare da gyaɗa da cincin, kafin yaji ya sauka. Peroni katan kaɗan, a gwangwani, don matasan da ke tambayar ta da suna, da 0.0 ɗinta don direbobi. Ichnusa ban sa ta a lissafin dangi ba. Kwalba shida na saya da kuɗin aljihuna, matata ta rubuta "Kawu" a jikin ledar, tana can ƙasan firji bayan robar daddawa inda ƙaninta ba ya dubawa.